Mutumin da Ba Ya Tsugunawa

Can da daɗewa, a wani ƙauye da ke gindin dutse, an yi wani mutum da ya san komai. Shi da kansa ya faɗa, saboda haka gaskiya ne.

A kan dutsen akwai furanni iri biyu, ƙanana, rawaya, kamarsu ɗaya. Ɗaya maganin ciwon ciki ne, ɗayan kuwa zawo yake sawa. Ba a bambance su sai an tsuguna an juya ganyen: na maganin bayansa fari ne kamar toka, ɗayan kuwa kore shar.

Wata rana cikin mutumin ya murɗa. Ya sa babbar rigarsa ya hau dutsen, ya tarar da wata tsohuwa mai sayar da saiwoyi tana juya ganye.

Ta ce, "Malam, tsuguna ka duba bayan ganyen."

Ya ce, "Iya, ni ba na tsugunawa. Daga tsaye nake gane fure."

"Kamarsu ɗaya fa."

"A idonki ba. Ni daga tsaye nake gane fure."

Ya sa sandarsa ya tsinko, ya kai gida ya dafa, ya shanye ƙwarya guda.

Kwana uku ba a gan shi a dandali ba. Masu neman iliminsa sai dai su yi sallama, ya amsa musu daga bayan gida da nishi.

Rana ta huɗu tsohuwar ta kawo masa mai farin bayan. Ta tsaya a jikin zana ta ɗaga murya.

"Sannu, Malam. An ce kwana uku ke nan kana tsugune. Ashe ka iya!"