Mai Jiran Kwamfutar Baɗi

"Wayyo Allah na... kar ki yi min haka yau!"

Naja'atu ta faɗa tana bubbuga gefen tsohuwar kwamfutar cinyarta. Amma ina! Allon ya yi baƙi ƙirin.

Ga manoma sun fi talatin zube a gindin tsamiyar ƙauyen Badarawa, kowa ya zo a rubuta sunansa a ƙungiya don ya samu irin gero kafin ruwa ya sauka. Aikinta ke nan shekara biyu, tun da ta gama Poli ɗin Kaura: yau tana wannan ƙauye, jibi tana wancan.

Wani dattijo ya leƙo kanta.

"Ɗiyata, mi yas same ta? Ko ita ma azumi takai?"

Aka kwashe da dariya. Ita ma ta murmusa, amma idonta ya ciko taf. Da biro da takarda ta ƙarasa aikin ranar, ta hau babur ta dawo Kaura tun rana na da sauran tsawo, don hanyar nan ba a yi mata yamma.

Kai tsaye ta wuce shagon Misbahu da ke bakin ƙofar Poli.

Misbahu mai gyaran kwamfuta ne, hannunsa akwai albarka, kuma shekara biyu ke nan yana sonta kamar ransa. Aibinsa guda ne, jira! Mutumin da yake gyara wa rabin gari kwamfuta amma shi ba ya da tasa, don duk wadda ya gani sai ya ce ta baɗi za ta fi ta.

"Hasken idona, lafiya na gan ki haka wujiga-wujiga?"

"Ta mutu."

"Inna lillahi! Wa?"

Ta dangwarar masa da kwamfutar a tebur.

Ya sauke ajiyar zuciya. Ya kifa ta, ya yago farin salatif ya manna a bayanta, ya rubuta suna da abin da ke damunta, yadda yake yi wa ta kowa. Bayan tata kuwa duk ya cika, salatif kan salatif.

"Zafi take ɗauka ta ɗauke," in ji Naja'atu. "Kuma tun kafin ta ɗauke ba na ganin komai in rana ta haska, sai na lulluɓa mayafi a kaina kamar mai sirace."

Yana rubutawa idonsa na ƙyalli.

"Najata, ki ƙara haƙuri kaɗan. Na karanta labarin wadda ake sa ran fitowarta. Wallahi siririya kamar littafi! An ce batirinta zai kwana biyu, ba ƙarar fanka, allon ma naɗe shi za a riƙa yi. Ni fatana su sa mata..."

"Yaushe za ta fito?"

"To... wataƙila baɗi."

"Ranar Alhamis nake da aiki a ƙauyen Gurbin Bore, Malam Misbahu."

Jin ta ce "Malam" ya sa ya ajiye biron.

"Kuma Baba ya ce in gaya maka, in Juma'ar nan ta wuce magabatanka ba su zo ba, ya rufe maganarka."

"Haba ƙalbina! Kin san ɗakin ban sa masa silin ba. So nake in kai ki inda za ki shiga ki ce madalla. Ga tayil, ga sola da nake son..."

"Ni na ce maka tayil zan aura?"

Ba ta jira amsarsa ba ta ɗora:

"Bara ka ce sai an yi rufi. An yi rufi ka ce sai ƙofa. Kai komai naka sai baɗi! Ni yau nake raye, Misbahu, yau nake son ka..."

Ta ja mayafinta ta fice, yana kira ko waiwaye ba ta yi ba.

A gida ta tarar da wata sabuwa. Saudat, ɗiyar kawunta, zaune a tsakar gida ta ɗora wani kwali a cinya sai washe baki take. Inna Kulsumu, mahaifiyar Naja'atu, na gefe tana tankaɗe.

"Amarya, zo ki ga arziki!" in ji Saudat. "Yaya Kamilu ya ji kwamfutarki na ba ki wahala, shi ne ya ce a kawo miki wagga. Sabuwa dal, ko leda ba a cire ba."

Kamilu yayan Saudat ne, mai motocin dakon hatsi, kuma ya daɗe yana kewaye-kewaye. Ba mugun mutum ba ne, sai dai bai taɓa tambayar Naja'atu wane irin aiki take yi ba.

Gaskiya kwamfutar ta yi kyau. Fara tas, allon na sheƙi kamar madubi. Naja'atu ta kalle ta, ta tuna Alhamis, ta tuna sunaye ɗari da za ta rubuta da hannu, sai da ta haɗiyi yawu.

Amma ta san gidansu. Duk yarinyar da ta karɓi kaya irin wannan a gaban uwarta, ta amsa ke nan.

"Ki mayar masa, na gode."

"Ke dai ki bar ta ta kwana, ki yi shawara," Saudat ta faɗa, ta tura kwalin ɗakin Inna ta yi gaba abinta.

Bayan la'asar Alhaji Maiwada, mahaifin Naja'atu, ya dawo daga kasuwar hatsi, ya kira ta zaure.

"Saudat ta tare ni ta ce kin karɓi saƙon Kamilu."

"Wallahi Baba ban karɓa ba! Yana ɗakin Inna, ko taɓa shi ban yi ba."

Ya gyara zama.

"Naja'atu, ni ban ƙi yaron nan ba. Yana da ladabi, yana da sana'a. Amma na san irinsu a kasuwa. Mutum ya aje hatsi yana jiran farashin da babu shi, har ƙwari su cinye mai. Ba ni ba da ɗiyata ga mai jira. Juma'a nac ce, Juma'a ce."

"To Baba..."

Ta shige ɗaki ta yi kukanta mai isarta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Baba bai yi ƙarya ba.

Talata shiru. Laraba shiru. Ko saƙon waya babu.

Ranar Alhamis da hantsi ta shirya, ta zuba littafi da birruka uku a jaka. Tana ɗaura takalmi ta ji sallama a ƙofar gida, muryar da ko cikin kasuwa za ta gane.

Ta fito da sauri.

Ta iske Misbahu durƙushe a zaure gaban Baba, ido jajir, riga duk ta yamutse, ga wani abu a gabansa nannaɗe cikin tsumma.

"Baba, a gafarce ni, aikinta na kawo mata."

"Buɗe mu gani," in ji Alhaji.

Ya warware.

Naja'atu ta dafe baki. Tsohuwar kwamfutarta ce, amma ita da kanta da kyar ta gane ta! An ɗinka mata wata rumfa ta jar fata a saman allo da gefe-gefe. An sa mata maratayi. A ƙasanta an ɗaure wani batir mai kauri, ga ƙafafu huɗu na katako, ga 'yar fanka a liƙe. Kai, muni dai ba a magana.

"Wannan kuma wace irin halitta ce?" ta tambaya, dariya na neman ƙwace mata.

Misbahu bai yi dariya ba. Ya zaro wani kwali daga aljihu, an jera farin salatif a kai, duk sun yi dauɗa.

"Ranar Talata Saudat ta zo shago. Ta ce kar in wahalar da kaina, an saya miki sabuwa kin karɓa."

"Ƙarya take!"

"Ban sani ba a lokacin. Na ɗauko taki zan ajiye a lungu, sai na fara ɓare salatif ɗin baya. Goma sha ɗaya ne, Najata. Na zauna na karanta su ɗaya bayan ɗaya."

Ya nuna na farko da yatsa.

"Wannan kin ce ƙaiƙayi na shiga ƙarƙashin madannai lokacin sussuka. Ga leda mai laushi na shimfiɗa musu. Wannan kin ce batir ba ya kai azahar. Na haɗa miki wanda zai kai la'asar, in Allah ya so. Wannan kin ce tana zame miki a kan babur, ga maratayi. Na ƙarshe kin ce rana, shi ne na je wurin baduku ya ɗinka rumfar."

Ya sunkuyar da kai.

"Shekara biyu kina gaya min irin kwamfutar da kike so, da hannuna nake rubutawa, amma ban taɓa ji ba. Ina can ina ba ki labarin wadda ba a ƙera ba."

Hawaye suka zubo mata shar.

Alhaji Maiwada ya jawo kwamfutar, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ƙafar katakon, ya ja maratayin da ƙarfi ya ga bai tsinke ba.

"Tana aiki?"

Misbahu ya danna. Allon ya kawo haske.

"Tana yi, Baba. Ba ta yi kyau ba, kuma ta ƙara nauyi. Amma yau za ta yi aiki."

"To ɗakin fa? An sa silin?"

"Ba a sa ba. Tabarma na buga a sama. Ba tayil, siminti ne." Ya ɗago kai. "In Baba ya ba da izini, kawunnaina na nan tafe gobe bayan an sauko Juma'a."

Naja'atu ta zuba wa Baba ido.

Alhaji ya miƙe ya kakkaɓe babbar rigarsa, ya ɗaga murya.

"Kulsumu! A maida ma Kamilu kwalinai da godiya. Kuma gobe a dama fura da yawa, muna da baƙi."

Guɗar Inna ce ta fara tashi daga tsakar gida, ashe tun ɗazu tana laɓe a bayan ƙofa.

Ranar a Gurbin Bore, sai da aka taru ana kallon kwamfutar kafin a fara layi. Wata tsohuwa ta ce ita dai ba ta taɓa ganin na'ura da malafa ba. Naja'atu ta zauna a tsakiyar rana, ba lulluɓi, tana ganin kowane harafi tar, ta rubuta mutum ɗari da huɗu batir bai ko yi gezau ba.

Wata biyu bayan nan aka kai amarya ɗakin mai silin tabarma. Ruwan farko da aka yi ya ɗan ɗiga ta kusurwa guda, suka tara kwano suna dariya.

Halin mutum kuwa ba ya barin sa gaba ɗaya. Wata safiya tana shirin fita, Misbahu na duba wayarsa, sai ya zabura.

"Najata, zo ki ga! An ce ta baɗi har hasken rana za ta riƙa sha da kanta, ba caja ba komai! Da ma su ƙara mata..."

Ta juyo ta zuba masa ido.

Ya yi tsuru-tsuru, ya kifa wayar a kan katifa.

Ta yi dariya, ta ɗauko salatif ɗinsa daga kan taga, ta yago ta rubuta wani abu ta manna masa a gaban riga.

Ya sunkuya ya karanta: "Maratayi ya fara saki."

"Yaushe kike so, ranki ya daɗe?"

"Kai dai faɗa min."

Ya miƙa hannu ya sauke kwamfutar daga kafaɗarta.

"Yanzu. Miƙo min allura da zare."