Kyaftin Ya Nemi Rakiyar Rada

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai sai lahira!"

Gatari ke nan, shugaban gungun. Sha ɗaya na safe, a ɗakin ajiya na wani ƙaramin filin jirgi. Masu gadi suka zube. Tsinke, na hannun daman Gatari, ya sunkuci akwatin gwal. Suka ruga waje, inda Kyaftin ke jira cikin ɗan jirgi mai kujera huɗu.

Shekara ashirin Kyaftin ya yi yana koyar da tuƙin jirgi kafin ya lalace. Shirinsa mai sauƙi ne: sama garau, a yi tafiya da ido, a yi gum. A irin wannan tashi ba a tilasta wa kowa kiran masu rada, wato na'urar hango jirage a sama. In ka ga dama ka roƙe su su bi ka a allonsu, su gargaɗe ka in wani jirgi ya matso. In ba ka so, ba ruwansu.

Sun tashi! Minti goma, gajimare ya soma haɗuwa. Yatsan Kyaftin, da yake yatsa bai san fashi ake yi ba, ya danna rediyo kamar yadda ya saba.

"Rada, barka da aiki. Ina neman rakiya."

Ya faɗi lambar jirgi, tsayinsa, har da inda zai sauka, tiryan-tiryan.

"Mun gan ka," in ji wata mata a natse.

Sai a lokacin ya farga da abin da ya yi. Kai, tsohon banza!

Gatari ya ɗora masa bindiga a ƙeya. "Da uban wa kake magana?"

"Oga... sabo ne, wallahi."

"Ka sayar da mu, shege! Kashe abin nan!"

"Jirgin kaya a hagunka!" matar ta katse su. "Yi dama, yanzu!"

Kyaftin ya karkata — ƙaton jirgi ya wuce ta kansu, fuu! Tsinke ya kelaya amai kan akwatin. Ba wanda ya sake cewa a kashe.

A ƙasa, matar ta juya ga sufeton 'yan sanda da ke bayanta, wanda ya zo cigiyar ɓarayin gwal. "Ranka ya daɗe, da bakinsa ya ba ni adireshi."

Motocin 'yan sanda shida suka tarar a filin da suka sauka. Gatari ya fito hannu sama yana ihu: "Ni fasinja ne! Tsohon nan ya kitsa komai!"

Shekara goma sha huɗu alƙali ya ɗaure Kyaftin. A gidan yari wasiƙar hukuma ta same shi: an soke lasisinsa har abada. A ƙasa an ƙara cewa za a riƙa kunna wa ɗalibai muryarsa, don su koyi yadda ake kiran rada.