Ganyen Da Ya Ƙi Langaɓewa

Da hantsi aka bugo waya caji ofis cewa an tsinci gawar wani dattijo a banɗakin gidansa. Sufeto ya ture shayinsa ko rabi bai sha ba, ya ɗauki Saje suka tafi.

Kowa a layin Baba Mai Kifi yake kiran mamacin. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa ba shi da wata hidima sai wani akwatin gilashi da ke falonsa, cike da ruwa da ƙananan kifaye da tsirrai. Matarsa, Mama, yanar ido ta makantar da ita shekaru da dama. Ranar da abin ya faru tana gidan 'yarsu da ta haihu.

Ɗansu namiji tilo, wanda ake ce wa Auta, shi ya tare su a ƙofa, idanunsa jawur. Kantin magani gare shi.

"Yaushe rabonka da shi?" in ji Sufeto.

"Tun makon jiya, yallaɓai. Kanti ba ya barina."

"Wa ke shiga gidan in Mama ba ta nan?"

"Mai aikinmu kaɗai. Ita ce ma ta tsince shi da safen nan."

Mai aikin bazawara ce mai marayu a gida, tana rakuɓe a bakin kicin. Ta ce jiya sai da yamma ta tashi, ta bar Baba lafiya lau. Amma matar maƙwabci ta ce tun kafin azahar ta ga fitarta a gaggauce.

Kafin yamma likita ya ƙara dagula lamarin. Ya ce a cikin raunin ƙeyar dattijon akwai ɓarɓashin gilashi, kuma jawo gawar aka yi zuwa banɗakin. A banɗakin kuwa ko madubi bai tsage ba. Ranar a tsare a bayan kanta mai aikin ta kwana.

Sufeto mutum ne mai naci, irin wanda ko an ce masa ga ƙofa sai ya leƙa taga. Washegari ya koma falon. Injin iska na ta ɓulɓula a cikin akwatin, kifaye na kai da komo kamar ba a yi mutuwa ba. Sai dai kafet ɗin na warin danshi. Ya sa Saje ya ɗaga kujera. A ƙarƙashinta ga wani ɗan jan kifi, ya bushe ƙayau.

"Ko tsalle ya yi?" in ji Saje.

"Da murfi a kai? Dubi gam ɗin da ke kusurwoyin nan, fari tas. Akwatin da ya shekara da shekaru ba haka yake ba. Wannan sabo ne."

Mama na zaune kusa da akwatin, an dawo da ita. Sufeto ya ga ta lallaba ta ɗaga murfin ta tsoma hannu, alamar ta saba. Yatsunta suka taɓa wani ganye mai ratsin fari. Ta janye hannun da sauri kamar ta taɓa wuta.

"Mama, lafiya?"

"Ruwan ne da sanyi, ɗana," ta ce, ta kau da kai.

A ofis Sufeto ya sa aka fito da mai aikin.

"Me ya sa kika yi mana ƙarya?"

Ta fashe da kuka. "Ƙaramar 'yata ce zazzaɓi ya kama, yallaɓai. Na gudu ban nemi izini ba. Tsoro na ji kar a kore ni."

"Kina taɓa akwatin kifin?"

"Tare muke wanke shi. Amma sa wani abu a ciki? Ina! Sau ɗaya na tsinko ganyen fulawa na jefa don ado, ranar na sha faɗa. Baba ya ciro nasa ya nuna min, ya ce tsiron ruwa in ka ɗago shi langaɓewa yake kamar jiƙaƙƙen zare, don ruwa ne ƙashin bayansa. Na tudu kuwa tsayawa yake ƙiƙam. In ka nutsar da shi sai ya yi ta yaudararka da kore, can ya ruɓe ya kashe kifin. Kowa a gidan ya haddace karatun nan."

"Har Auta?"

"Shi in Baba ya fara zancen kifi fita yake."

Sufeto bai koma gidan kai tsaye ba. Sai da ya biya kantin da ake sayar da kifin ado. Mai kantin ya ce shekaranjiya wani mutum ya sayi akwati cikin gaggawa, ya nemi tsirrai, aka ce sun ƙare. Daga nan Sufeto ya bi ta ƙofar kantin maganin Auta. A bakin ƙofar akwai tukunyar fulawa mai ganye da ratsin fari, an yanke mata rassa, wurin yankan ko bushewa bai yi ba.

Ya tara su a falo, uwa da ɗa. Ya naɗe hannun riga, ya ciro tsiro na farko daga ruwan. Ya langaɓe a tafinsa. Na biyu ma haka. Da ya ciro mai ratsin farin, sai ya tsaya ƙiƙam, ruwa na gangarowa daga jikinsa.

Ya ɗora shi a hannun Mama. "Mama, maigidanki zai sa wannan a ruwansa?"

Ta damƙe ganyen a tafinta.

"Baiwar Allah na can a tsare," in ji Sufeto a hankali. "'Yarta ba lafiya. Gobe kotu za a kai ta."

Mama ta daɗe tana shafa ganyen. Hawaye suka zubo daga idanun da ba sa gani. Sufeto ya ga abubuwa da yawa a aikinsa, amma wannan karon sai da ya sunkuyar da kai, don tausayinta ya kama shi ƙwarai.

"Ba zai sa ba," ta ce. "Na gane ganyen nan tun ɗazu da na taɓa shi. Ni na raini uwarsa a tukunya, na ba Auta ranar da ya buɗe kanti."

Auta ya zame daga kujera ya durƙusa a gabanta.

"Mama, a kan idonki muka yi. Na samo likitan da zai yi miki aiki, Baba ya ce ba wanda zai sa miki wuƙa a ido. Na ce masa da kifinsa ne ya makance da tuni ya nemo magani. Ya mare ni. Ture shi kawai na yi, wallahi ture shi kawai. Ya faɗa kan gilashin. Na taɓa wuyansa, babu."

"Sai ka ja shi banɗaki, ka bar baiwar Allah da laifin," in ji Sufeto.

"Na ji tsoro, yallaɓai."

"Kifin fa?" Mama ta tambaya. "Ubanka na kwance, ka tsaya tsince kifi?"

"Ɗaya bayan ɗaya na zuba su a bokiti. Tsirran da suka yi saura ba su cika akwatin ba, shi ya sa na ƙara da nawa." Ya kifa kansa a gwiwarta. "Kin saba da ƙarar ruwan nan, Mama. Ban so ki dawo ki ji ɗakin shiru ba."

Saje ya fito da ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya kama hannun Auta da kansa ya ɗaga shi. Mama ba ta riƙe ɗanta ba, ba ta kuma ture shi ba. Tana ji takunsa ya yi nisa har ƙofa.

"Ɗana," ta kira Sufeto. "Ku sako yarinyar nan yau, kar ta sake kwana."

"Yanzu ma, Mama."

"Sannan akwai sauran ganyen nan guda a ciki, ta can kusurwa. Cire min shi kafin ka tafi. In ya ruɓe zai kashe masa kifi."

Sufeto ya sake naɗe hannun rigarsa.