Furen da Malam Barau Ya Murza

"Zuwaira, amsa ɗaya nake jira... Damina ta ƙarato."

Ba ta ɗago ba. Ita da Maharazu a ƙofar zaurensu suke a Yalwawa, ƙarƙashin dabinon mahaifinta. Maharazu falke ne ɗan Ringim, shi ke kawo mata farin sukari daga kantin Nasara a Kano, a shekarun da abin ya fara shigowa ƙasar Dutse a bayan jakuna. Da sayen sukari aka fara, har aka kai ga neman aure. Yanzu yayansa ya rasu, gona da tsohuwa sun dawo kansa, dole ya koma gida kafin ruwan shuka.

"Idan na bi ka, wa zai dama wa Baba kunu?"

"Ni ma uwa na bari, hasken idona."

"To ka gani... Kowa da nasa."

Ya tambaye ta ko Baban ne ya ce kada ta tafi. Ta girgiza kai. Ai nan gizo ke saƙar. Zuwaira 'yar fari ce, kuma ita kaɗai ta rayu. Mahaifinta Malam Barau mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da aka haife ta bai taɓa kama sunanta ba, bai taɓa zama ya yi hira da ita ba. Da uwarta na da rai, ta bakinta saƙo ke bi. Da ta rasu, sai gidan ya koma na kurame biyu masu ƙaunar juna. Ko da magabatan Maharazu suka zo, cewa ya yi kawai Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ita kuwa ta ɗauki shirunsa a matsayin roƙon ta zauna.

Maharazu ya ajiye mata ƙunshin sukari a dakali, ya ce ba na sayarwa ba ne, na bankwana ne, ranar kasuwa zai kama hanya. Ta tsaya tana kallon bayansa har ya sha kwana. Ta so shi, so mai ciwo, kuma ta san ba za ta sake samun irinsa ba.

Aiki dai ba ya jiran mai kuka. Garar Lauratu, 'yar maƙwabta, tana hannunta. Duk Dutse ba mai yi wa nakiya ado irin Zuwaira, sana'ar da ta gada a gindin murhun uwarta. Takan dafa sukari da lemon tsami har ya yi danƙo, ta ja shi da zafinsa har ya yi fari, ta ɗiga ruwan zoɓo a wani ya yi ja, sannan ta shafa man shanu a yatsu ta murza ganye ɗaya-ɗaya ta haɗa fure. Alewa ba ta da haƙuri: ka yi sauri ta ƙone ka, ka yi nawa ta sandare. Ranar kam furanni da yawa sun karye mata, don ido mai hawaye ba ya ganin danƙo.

Ran kasuwa da hantsi ta ɗauki akushin Lauratu ta kai. Ta daɗe a can da gangan, don kada ta ji wucewar jakunan Maharazu.

Tana dawowa ta hango mata sun jeru a jikin dangarsu suna leƙe, wasu na rufe baki da mayafi. Ƙaurin sukari ya cika unguwa. Ta shiga da gudu.

Malam Barau ne durƙushe a gaban murhu, da rana tsaka, dattijo da furfurarsa a wurin da ko yaro namiji ba ya yarda a gan shi. Ƙunshin sukarin nan a kwance gefensa. A gabansa ga akushin marigayiya matarsa cike da nakiyar da ya roƙo wajen Inna Albarka, tsohuwar maƙwabciyarsu, wadda ke tsaye a kansa tana sharar ido. Yatsunsa da suka saba da kaushin dabino duk sun yi bororo. A kan nakiyar kuwa ga furanni, karkatattu, masu kauri, wani ya ƙone har ya yi baƙi. Ashe duk shekarun da yake zaune bakin rumbu kamar yana gyaran igiya, hannun matarsa yake kallo.

"Baba..." Ta waiwayi danga. "Baba, mutane na kallo."

Bai dube ta ba. Ya gama murza ganyen da ke hannunsa, ya dasa shi a hankali, sannan ya juya wajen tsohuwar.

"Inna, a gidan nan uwa ce ke sa wa garar 'yarta furen farko. Uwar ba ta nan. Na sa."

Matan da ke dariya a bayan danga suka yi tsit.

Zuwaira ta zube ta kama hannayensa, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana goye. Zafi rau. Ta ce ba za ta iya barinsa shi kaɗai ba, wa zai kula da shi, wa zai hura masa wuta? Kuka ya ci ƙarfinta. Shi ma hawaye ya gangaro masa cikin gemu, amma bai janye hannun ba.

Daga waje aka ji sallama, muryar Maharazu ce. Tun da asuba dattijon ya aika a tare shi a bakin kasuwa.

Malam Barau ya amsa sallamar, ya share fuska da gefen riga. Har yanzu idonsa na kan Inna Albarka.

"Ki faɗa wa yarinyar nan ta tafi, na yafe mata duniya da lahira. Wanda ya iya wannan, kunu ba zai gagare shi ba."