Murhun da Ya Tashi Unguwar Makama

Ranar da Raudatu ta kai tsohuwar motar mahaifinta wani gareji a Dubeli da ke Jimeta don a canza diskin birki, faifan ƙarfen nan da ke tsayar da taya, ba neman miji ta fito ba. Tana zaune a benci tana fifita da gefen mayafi, bakanike ya cillo tsofaffin diskin guda biyu gefe. Sai ga wani dogon saurayi ya tsuguna ya ɗauki ɗaya, yana jujjuya shi kamar mai zaɓen kankana.

"Malama, naki ne?"

"Na Baffana ne. Ai shara ce."

"A wurinki ba," ya ce yana murmushi. "Wanda ya tsage, tirela ke kai shi wurin masu narka ƙarfe. Wanda ya cinye kawai, sai in yi masa ƙafa uku da mazaunin tukunya, ya zama murhun gawayi. Amma sai na fara yanka masa baki, kada wani ya goge shi ya sayar wa direba da sunan sabo."

"Ashe ɗan gwangwan ne kai."

"Sunana Usaid. Tsofaffi nake samar wa aiki bayan ritaya."

"Baffana ma ya yi ritaya."

"A kawo shi mu duba ko bai tsage ba."

Dariya ta ƙwace mata har ta rufe baki. Ta bar masa diskin, ta bar masa lambar waya kuma, wai ko za ta buƙaci murhu.

Kafin ta isa gida Makama saƙonsa ya riga ta: "Malama mai shara, kin manta wani abu a gareji. Wani bawan Allah ne, ya kasa aiki tun da kika tafi."

Ta amsa: "A loda shi a tirela."

Haka soyayya ta kankama. Ita tana ce masa Hamma Ƙarfe, wato Yaya Ƙarfe, shi yana ce mata Garwashina. Ya ba ta labarin yadda ya baro Mubi a ƙafa yana saurayi ɗanye, shekarar da 'yan bindiga suka shiga garin, da yadda wani mai walda a Jimeta ya riƙe shi ya koya masa sana'a.

Amma da Usaid ya turo manya, mahaifinta, Baffa Salihu, ya haɗe fuska.

"Ban ƙi talaka ba," ya ce wa Raudatu. "Amma mai bin gareji yana tsintar ƙarfe? Ga Jibrilla, ɗan gidan mutunci, da aikinsa na ofis da motarsa. Kada yaron nan ya sake tako mini ƙofar gida. Kawo wayar."

Ta miƙa tana hawaye. Goggo Hansai, yayar Baffa, wadda ciwon gwiwa ya zaunar, tana kan tabarma tana kallo.

Usaid bai san an karɓe waya ba. Ya ɗauki diskin motar Baffan ya yi murhu mafi kyau da ya taɓa yi, ya rubuta sunan Raudatu da walda a gefe. Ya naɗe shi a buhu ya ɗaure da wayar lantarki. Da la'asar ya lallaɓa ya ajiye a zauren gidan, tunda an hana shi sallama, ya tura saƙo: "Garwashina, duba zaure. Na ajiye miki zuciyata, tana da ɗan nauyi."

Saƙon ya shiga wayar da ke kashe a aljihun Baffa.

Jibrilla ne ya fara ganin buhun da ya zo zance. Ya taɓa da ƙafa ya ji ƙarfe, ga waya a naɗe, ga ba mai shi. A garin da mutane ba su manta da shekarun tashin bam ba, wannan ya isa.

"Bam!"

Unguwa ta watse. Mai shayi ya bar butarsa a wuta, liman ya fita da takalmi wari da wari. Jibrilla ya faɗa mota ya ba ta wuta, ko waiwaye babu. Raudatu da Baffa suka rirriƙe Goggo Hansai suka fitar da ita ta ƙofar baya, tana ɗingishi tana salati.

Labari ya kai Dubeli cewa an ajiye buhu a gidan Malam Salihu. Usaid ya hau mashin, ya tarar 'yan banga sun tare layi.

"Ni ne mai buhun," ya ce. "Wallahi murhu ne."

Suka sa shi gaba daga nesa. Ya shiga ya fito da buhun, ya kwance a tsakiyar titi. Ga murhu fes, ga sunan Raudatu ɓaro-ɓaro kowa na karantawa. Sai dariya ta ɓarke.

Baffa kam bai yi dariya ba. Usaid ya durƙusa gabansa.

"Baffa, a yafe mini. Ni da na gudo daga Mubi, ni ya kamata in fi kowa sanin abin da buhu a zaure yake sa wa mutane a rai. Son ta ne ya rufe mini ido."

"Ka tara mini jama'a, ka sa sunan 'yata a bakin unguwa. Tashi ka ba ni wuri."

"Salihu," in ji Goggo Hansai daga kan dakali, "zo nan."

Baffa ya matso.

"Kada ka ce zan yabi jarumtar yaron nan. Ya shiga ne don ya san murhu ne. Amma shi Jibrillanka da ya ɗauka bam ne, kujera nawa ce a motarsa?"

Goggo ta ci gaba:

"Wa ya ɗauka? Ni da gwiwata, ko ita da yake cewa zai aura? Wannan kuwa ya durƙusa a titi ya ce laifinsa ne. A hura mini murhun nan in sha shayi, gudu ya sa ni yunwa."

Baffa ya daɗe yana kallon murhun, sannan ya tsuguna ya shafa gefensa.

"Kamar na san ƙarfen nan."

"Na motarka ne, Baffa."

"Shekara da shekaru yana tsayar da ni a hanya," Baffa ya ce a hankali. "Yau ma ga shi." Ya ciro wayar daga aljihu ya miƙa wa Raudatu. "Ki gaya masa ya sake turo manyansa. Da sallama, ba a buhu ba."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure a Makama. Kan murhunan Usaid aka dafa abincin biki kaf, ƙawayen amarya suna ta tsokanar ango, duk wadda ta ga ya ɗauko leda sai ta ce a matsa, kada bam ne. Goggo Hansai ta dafa kawunan ango da amarya ta ce Allah Ya sa wutar gidansu kada ta mutu, Ya ba su zuri'a mai albarka, jama'a suka amsa da amin.

A mota, amarya ta zaro waya daga ƙarƙashin mayafi ta tura wa angon da ke zaune gefenta: "Hamma Ƙarfe, na ɗauki zuciyar. Da nauyi kam, amma ba zan ajiye ba."