Kwanona Ne, Amma Ba Hannuna Ba

Kwanaki ke nan abinci ba ya mini daɗi, kuma duk a kan kwanon yogot ne. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba, amma abin ya tokare ni a ƙirji.

Ɗana na fari gyaran firij da janareto yake yi, unguwa duk Injiniya suke ce masa. Tun yana rarrafe yake shan yogot ɗina. Ni ba ni da inji. Madara nake tafasawa, in sauke ta huce har sai na tsoma ɗan ƙaramin yatsana na ji ɗumi ba ƙuna ba, in zuba cokalin iri daga na jiya, in rufe, in naɗe tukunyar da tsohon bargon marigayi babansu. Kafin yamma ya kama, cokali ma tsayawa yake a ciki.

Da ya yi aure na ce shi ke nan, an raba ni da shi. Ashe a'a! Kullum ya tashi daga shago sai ya biyo, ya zauna a kujerar babansa, in miƙa masa shuɗin kwanonsa. Ya shanye, ya suɗe cokali, sannan ya wuce gida wurin Amarya da cikinsa a cike. Autata takan ce, "Mama, wallahi kina shiga haƙƙin Anti. Ta yi girki, ke kin ƙosar mata da miji!" In ce mata rufe mini baki, ni na haife shi ko ita?

Amarya malamar makaranta ce, mai sanyin hali. Sai ga shi ta sayo injin yogot, fari tas, da ƙananan kwalabe a jere da wata fitila mai ƙyaftawa. Ranar da na je gidan ta jawo hannuna har kicin.

"Mama, kin gani? Yana da taima, da kansa yake kashe kansa!"

Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Wato ƙarfe aka kawo ya maye gurbina? Ina tsaye ta sauke madara tana tururi, ta juye iri a ciki nan take. Na san ta kashe shi, zafin nan ba irin da zai rayu. Na kalli tukunyar, na kalli yatsana, na haɗiye maganata. Washegari Injiniya ya shigo yana dariya.

"Mama, ruwa tsululu! Inji ya sha kuɗi ya haifi ruwa."

Na taya shi dariya har da tafi. Daga nan abin ya zame masa waƙa, ko a gaban baƙi sai ya tsokane ta, ni kuwa ina ƙara gishiri: "Yaran yanzu sai danna waya."

Ana nan na zame a banɗaki, hannuna na dama ya karye, aka ɗaure. Ina kwance a asibiti aka ɗauke wuta, irin yogot ɗin da na yi shekaru ina juyawa ya lalace a firij. Da na dawo na buɗe murfin, warin ya buge ni, na zauna a ƙasan kicin na fashe da kuka. Ba iri nake wa kuka ba. Me kuma zai kawo mini yaron nan kullum?

Da safe sai ga sallamar Amarya, za ta wuce makaranta, da kula a hannunta. Ta ɗauko shuɗin kwanon nan, ta juye abin da ta kawo a ciki, ta miƙo mini cokali kafin ta sa a firij.

"Mama, ki ɗanɗana."

Na ɗanɗana don kada ta ce na ƙi. Innalillahi! Nawa ne sak: kaurin, ɗan tsamin nan mai daɗi, komai.

"Ke! A ina kika samo wannan?"

Ta sunkuyar da kai. "Irinki ne, Mama. Wata rana da kika aiko mana da yogot, na ɗebi cokali ɗaya na ɓoye. Kuma ranar nan a kicin na ga kin kalli tukunya kin kalli yatsanki. Na yi ta tunani, sai na gane zafi ne ya yi yawa. Tuni yake kama mini."

"Tuni? To me ya sa mijinki yake cewa ruwa kike yi?"

"Ban taɓa ba shi ba. Makaranta nake kai wa malamai." Ta ɗago, idonta ya ciko. "In ya san akwai a gida, zai rage zuwa nan. Ke kuma da yamma ba ki da kowa sai Auta. Don Allah kada ki faɗa masa."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Yarinyar da nake wa kallon ɓarauniyar ɗa, ita ce take turo mini shi.

Tun daga ranar kullum sai ta kawo, shi kuma ya zo ya sha, yana zaton Auta nake nuna wa da baki tana yi. To, shekaranjiya suka zo tare. Ya kai cokali baki, ya lumshe ido, ya juya ya kalle ta.

"Madam, kin ji yadda ake yogot? Mama da karyayyen hannu ta fi ki ke da injinki. Ki sayar da shi kawai ki huta!"

Auta ta buɗe baki, Amarya ta taka mata ƙafa. Ta yi murmushi ta ce, "Ai hannun Mama daban ne." Ta tashi wai za ta wanke kofuna. Ina jin famfo yana zuba, ina jin shesshekarta a ƙarƙashinsa.

Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, yabon nan sai da ya yi mini daɗi, alhali na san ba nawa ba ne. Kun ga sharrin kishi. Na yarda yanzu, mai haƙuri shi ke dafa dutse, don yarinyar nan ta dafa ni ba tare da ta ɗaga murya ba. Uwa da mata ba abokan takara ba ne. Madara ce da iri, in ɗaya ya yi zafi da yawa sai ya kashe ɗayan.

Jibi za a kwance mini hannu. Zan iya karɓar cokalin iri a wurinta in ci gaba, maganar ta mutu, shi kuma ya ci gaba da yi mata dariya. Ko kuma in zaunar da shi in ce, "Wanda kake yabo na matarka ne, tashi ka ba ta haƙuri." Amma ta roƙe ni kada in faɗa. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ina tsoron yammar da zan cika shuɗin kwanon nan, in zauna ina kallon ƙofa, kujerar babansa babu kowa.

Iyaye mata 'yan uwana, da ku matan 'ya'ya, don Allah ku ba ni shawara: in faɗa masa, ko in yi shiru?