Zaman da Aka Yi Ban da Dabo

Motar taki ta ci burki a hanyar Gezawa, dab da la'asar. An gitta kututture a kan titi. Kafin direba ya sa ribas, mutum huɗu sun fito daga cikin dawa, fuskokinsu a naɗe.

"Kowa ya sauko! Fuska a ƙasa!"

Tanko ne mai maganar, ogansu. Basiru ya tare gaba, Kamilu ya tare baya. Dabo ya finciko ƙofa — sai ya tsaya cak. Wanda ke kusa da direba Malam Iliyasu ne, mijin yayarsa Safara'u, mutumin da ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Takin kuwa na manoman ƙauyensu ne, karo-karo suka yi a shekarar da buhu ya gagari talaka.

Dokokinsu uku ne tun ranar da suka yi rantsuwa: ba aiki sai kowa ya yarda, ba taɓa na gida, ba kiran suna a bakin aiki. Shi Dabo, ce masa aka yi motar wani Alhajin birni ce.

Tanko ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Dabo! Tsayuwar me kake yi? Karɓo makulli."

Malam Iliyasu ya ɗago kai daga ƙasa a hankali.

"Dabo? Namu?"

Direba ya ga hankali ya rabu, ya zabura zai faɗa gona — tau! Kamilu ya sakar masa harsashi a baya. Suka janye kututturen, suka ja motar da gudu.

Wani mai babur da ya hango su daga nesa ya juya, ya kai labari shingen 'yan sanda. Insifekta Mati bai tsaya dogon bincike ba. Ya ce wa yaransa su bi sawun taya.

A bayan wani tsohon lambu suka tsaya, inda akori-kura ke jiransu. Dabo ya warware fuskarsa, yana haki.

"Oga, da gangan ka kira sunana."

"Baki ne ya suɓuce."

"Ƙarya ne. Ka san motar waye. A zauna yanzu, kowa ya faɗi nasa, yadda muka saba."

Tanko ya yi murmushi. "An zauna ai. Jiya."

"Ban da ni?"

"Kai ne ka ce a gaban mazaje ba ni kaɗai ke da baki a harkar nan ba. To, na ba su bakin. Sun zaɓi a rabu da kai."

Dabo ya juya wajen Basiru. Tare suka tashi, tare suka yi ƙwadago a lambunan Watari, Dabo ne ya goya shi ranar da maciji ya sare shi.

"Basiru, kai ma?"

Basiru ya ƙura wa ƙasa ido. "Kullum kai ne mai musu, Dabo. Ka gane ai. Idan ban ɗaga hannu ba, ni ne na gaba."

Kamilu ya zare bindigar daga kafaɗar Dabo. Dabo ko motsi bai yi ba. Jiniya ta taso daga yamma.

"Mu ware!" in ji Tanko.

Suka bar rabin kayan, suka bar Dabo a tsaye. Ya kutsa cikin dawa, amma ba 'yan sanda kaɗai ke neman sa ba. Mutanen ƙauyensu sun fito da sanduna, suna kiran sunansa gona-gona. Da ƙyar Insifekta Mati ya ƙwace shi daga hannunsu.

Direban ya cika kafin a kai shi asibiti, ya bar mata da ciki. Takin da aka samu ya zauna a ofishin 'yan sanda a matsayin shaida har damina ta wuce. Safara'u ta daina fita ko rijiya.

Ranar da aka zaunar da Dabo a gaban Insifekta, idonsa ɗaya a rufe yake da kumburi.

"Waye ogan naku?"

Dabo ya goge jinin leɓensa.

"Oga zai jira, ranka ya daɗe. Fara da Basiru."